Shekarar da Na Buɗe Wasiƙar Baffa Saliyu

Nana, Habibu, na san abin da aka gaya muku game da Baffa Saliyu, domin a gabana ma an sha faɗa ban musa ba. Gwaggonninku sun ce hassada ce ta kama tsohon da ya ga ɗalibarsa za ta wuce shi, ya so ya tare mini hanyar karatu, da abin ya gagara kuma ya ja jikinsa daga gidanmu. Shekara ashirin da wani abu ina jin wannan magana ina yin shiru, saboda shirun ya fi mini sauƙi. Yanzu da gwiwoyina suka fara gaya mini gaskiya game da shekaruna, ba na son in tafi in bar ku da ƙarya a kan mutumin da bai taɓa cutar da ni ba. Ku karanta wannan babi a zaune, kuma kada ku ba gwaggonninku sai kun gama.

Sai in fara da yadda ya zama Baffanmu, tunda ba jini ya haɗa mu ba. Kakanku Alhaji Ɗanjuma mahauci ne a babbar kasuwar Garwa, ɗan mahauci, jikan mahauci. Saliyu kuwa Bafulatani ne, ɗan masu shanu, wanda makarantar boko ta ɗauke tun yana ƙarami ta kai shi har Faransa, ya dawo yana koyarwa a jami'a a Yawunde. Abotarsu ta faro ne tun suna yara masu wanka a kogin Binuwai, kuma har suka yi furfura ba su daina tsokanar juna ba. Baba ya ce Bafulatani bai san amfanin saniya ba sai kallonta, Baffa ya ce mahauci ba ya iya gaishe da saniya sai idonsa ya kai kan cinyarta. A makon da aka haife ni mahaifiyar Baffa ta rasu, ranar suna Baba ya sa mini sunanta, Maimuna. Tun daga ranar bakin Baffa bai taɓa furta sunana ba. Dada yake kira na, wato uwa da Fulatanci, tun ina goye har na yi digiri.

Da na gama lise, wato sakandare, shi ya zo ya tare a zauren Baba kwana uku yana lallashi, har aka bar ni na bi shi Yawunde in karanta ilimin halayyar ɗan Adam. Baba bai taɓa kiran abin da wannan dogon suna ba. Karatun mahaukata yake cewa, kuma duk hutu sai ya leƙa idona ya tambaya ko na fara kamuwa. Shekara bakwai na yi a gidan Baffa, ina cin tuwon matarsa, ina kwana ɗaki ɗaya da ƙanwarta, da safe kuma in zauna a ajinsa. Shi ya duba aikin digirina na biyu daga shafin farko har na ƙarshe. A aji ba ya kallona, in zai yi mini tambaya sai ya nuna ni da alli ya ce ke ta bakin taga. Shekarar da na zo ta ɗaya a duk sashenmu na rugo gida da takardar a hannu, ya karɓa ya duba sama ya duba ƙasa, ya miƙo mini ya ce takalmina ya kwaso laka, in je in wanke. Na ɗauka halin Fulani ne kawai, na yi dariya na wuce.

Na dawo Garwa na auri babanku, na kama aiki a wani asibiti, inda ake turo mini duk wanda likita ya auna ya rasa abin da ke damunsa. A nan na gane karatuna bai kai ba. Mace za ta zauna a gabana ta yi wata uku ba barci tun da ta binne ɗanta, ni kuwa abin da ke hannuna bai wuce sauraro da ban haƙuri ba, wanda ko Inna, mahaifiyata, tana yi ba tare da ta shiga aji ba. Ina son in yi doktora, wato digiri na uku, kuma irin wadda nake so ba a yin ta a ƙasarmu a lokacin. Sai aka ji labarin wani tallafin karatu zuwa Kanada, mai sharaɗin kada mutum ya kai shekara talatin da biyar ranar da zai tafi. Ina da talatin da uku. Damar nema sau biyu kawai ta rage mini, in ta wuce ta wuce har abada.

Ku da kuke latsa waya ku aika komai, ba za ku san wahalar haɗa dosiye, wato takardun neman karatu, a wancan zamani ba. Kowace jami'a tana son takardun sakamako masu hatimi, da bayanin binciken da mutum zai yi, da wasiƙun shaida daga malamai uku, ɗaya daga ciki dole ta fito daga wanda ya duba aikin digiri na biyu. Kowace wasiƙa kuma malami ne zai sa ta a ambulan da hannunsa, ya liƙe, ya sa hannu a kan maliƙin, don kada ɗalibi ya ga abin da aka ce a kansa. Sau biyu na bi mota zuwa Ngaundere na hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde saboda hatimi guda, na bar ku wajen Inna, Habibu bai daɗe da yaye ba. Baffa kam bai ba ni wahala ba. Ya riga ya yi ritaya ya dawo Garwa, kuma kwana biyu da na roƙa ya aiko mini da ambulan huɗu a liƙe, da sa hannunsa mai kama da ƙahon sa. Na aika dosiye uku. Na huɗun bai tafi ba, domin hatimin ƙarshe ya iso bayan ranar rufewa, sai na jefa shi a ƙasan akwatin zannuwana na manta da shi.

Wallahi ban taɓa tunanin za a ƙi ni ba, gara in faɗa muku gaskiya. Har na fara tambayar farashin rigar sanyi wajen masu gwanjo. Amsoshin suka zo a tsakiyar zafin Garwa, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ɗaya bayan ɗaya cikin mako uku, kowace takarda falle ɗaya. Sun gode, sun yi nadama, masu nema sun yi yawa. Ta farko na ce ƙaddara, ta biyu na ce ba su da hankali, ta uku kuwa na zauna a kan matakalar gidan waya har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Baba ya ce to ai shi ke nan, mahaukatan Garwa ma sun ishe ni. Babanku ya ce in sake gyara bayanin bincikena in gwada baɗi. Na karanta bayanin nan ya fi sau ashirin ina neman inda na yi kuskure, ban gani ba.

Ana cikin haka sai ga Pol. Ɗan ajinmu ne a Yawunde, yaron kirki, amma shekara huɗu da littafina yake cin jarrabawa, shi ma ba ya musu. Zai wuce Marwa ya tsaya ya gaishe ni a asibiti, bakinsa har kunne, ya ce ɗaya daga cikin jami'o'in nan uku ta ɗauke shi. Na yi masa murna da iyakar abin da fuskata ta iya. Ya ce duk aikin Farfesa Saliyu ne, ya buɗe jaka ya zaro kwafin wasiƙar da Baffa ya rubuta masa, wai tsohon ya ba shi ya ajiye don tarihi. Shafi biyu cur. Pol mai kaifin basira, Pol mai haƙurin bincike, Pol wanda samun irinsa sai an tona. Yana tattara takardunsa yana dariya ya ce in tasa ta kai haka, ai tawa littafi ce guda.

Ban jira an tashi aiki ba. Na hau babur na dawo gida da rana tsaka, na zazzage akwatin zannuwa a kan gado, na ɗauko ambulan na huɗu. Na san amana ce, na san ba a buɗewa, na ɗauki wuƙar yanka albasa na farke shi. Takarda ɗaya ce, rubutun bai kai tsakiyarta ba. Da Faransanci ne, amma ga abin da ta ce, ban rage ban ƙara ba:

"Mai ɗauke da wannan takarda ta zauna a ajina, ni na duba aikinta. Ba ta fashin aji. Ba a taɓa kawo mini ƙararta ba. Ina fatan za ta iya."

Sai sa hannu da hatimi. Na juya bayan takardar, fari fat. Na girgiza ambulan ko wani shafi ya maƙale. Na sake karantawa ina bin layi da yatsa kamar 'yar aji ɗaya, sai a lokacin na lura ko sunana babu a ciki. Mutumin da na ci tuwonsa shekara bakwai, wanda na wanke wa riguna, na yi jinyar matarsa, shi ne ya aika wa Turawa takardar da ko mai shara aka rubuta wa sai ya ji haushi. Kuma ina da ilimin da zan ba abin suna, na ba shi nan take: tsoho ya ga yarinya za ta taka inda bai taka ba. Ni na fara furta kalmar hassada a gidan nan, ba gwaggonninku ba. A bakina suka ɗauka.

Babanku ya roƙe ni in kwana uku kafin in yi magana da kowa. Kun san uwarku. Washegari Juma'a ce, kuma kowace Juma'a bayan an sauko masallaci Baffa yakan zo zauren Baba, a kawo balangu a faranti, mahauta da dillalan shanu su kewaye suna hira. Mace ba ta shiga zauren nan in maza na zaune, ko Inna ta bayan gida take bi. Na shiga da takardu biyu a hannu, domin na sa Pol ya bar mini kwafinsa. Ban ko durƙusa ba. Na ce ina son dattawa su yi mini shari'a, na karanta ta Pol ina fassarawa da Hausa don kowa ya ji, na karanta tawa. Na ce su gaya mini laifin da na yi wa mutumin nan. Baffa yana riƙe da tsokar nama, ya mayar da ita a hankali, ya goge yatsunsa. Bai dubi kowa ba.

"Dada, wa ya buɗe?" in ji shi.

Na ce ni ce. Ya gyaɗa kai, ya jawo takalmansa, ya yi wa mutane sallama ɗaya bayan ɗaya kamar ba abin da ya faru, ya fita. Baba kuwa yana cikin yanka nama. Ya ajiye wuƙar ya ce in fita masa daga zaure. Daga ranar ya yi kusan wata biyu in na gaishe shi sai dai ya amsa wa bango.

Inna ce ta same ni a tsakar gida ina huci. Ta ji komai ta bayan katanga. Na zaci za ta rungume ni, sai na ga tana kallona kamar yau ta fara ganina. Ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko tun da nake na taɓa jin ta kira sunan Yaya Garba, ɗanta na fari, ko ta yabe shi a gaban wani. Na ce a'a. Ta ce to ita ma hassada take yi masa ke nan? Na ce ai wannan daban, wannan takardar aiki ce. Ta ce a wurina ne daban.

"Shekara bakwai kina karanta cikin mutane, Muna, ba ki karanta na wanda kike gidansa ba. Pol ɗan wani ne, ya yabe shi ya huta. Ke tasa ce, kuma sunan uwarsa ne a kanki. So kike ya ɗauki alƙalami ya rubuta sunan uwarsa, ya yi tallarki ga mutanen da bai taɓa gani ba, ya jawo miki baki?"

Sannan ta gaya mini abin da suka ɓoye mini shekara da shekaru. Ranar da na zo ta ɗaya, ranar da ya ce in je in wanke takalmi, a makon nan ya ce wa matarsa zai je taro, ya hau jirgin ƙasa, ya bi mota ta Ngong har Garwa, don kawai ya gaya wa Baba da bakinsa. Ya sayi rago aka yanka aka raba sadaka. Ya tsaya a bayan wannan katanga yana gaya wa Inna cewa a shekarunsa na koyarwa bai taɓa samun kai irin nawa ba, ya kuma sa su rantse ba za su bari in ji ba. Washegari ya koma Yawunde ya ci gaba da kira na ke ta bakin taga.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Buɗe wasiƙar ya girgiza ni, amma wannan ya fi. Ni mai digiri biyu a kan halin mutane, wadda ake turo wa marasa lafiya, na dubi ƙauna ƙiri-ƙiri na kira ta hassada, kuma na yi shelarta a gaban mahautan Garwa. Kafin la'asar maganar ta kai kasuwa, kafin mako ta kai Yawunde. Baffa ya daina zuwa zaure. Juma'a ta yi, a kawo balangu, Baba ya zauna yana kallon inda abokinsa ke zama, a mayar da farantin kusan yadda aka kawo shi. Kunya ta hana ni zuwa ba da haƙuri, kullum in ce gobe, har damina ta shigo ta kusa fita.

Lokaci kuwa bai tsaya jirana ba. Neman baɗi ya matso, shi ne na ƙarshe gare ni, kuma sharaɗin yana nan: wasiƙa ɗaya dole daga wanda ya duba aikina. Na rubuta wa jami'a ɗaya ina tambaya ko za a karɓi ta wani malami a madadinsa, suka amsa cewa in yana raye kuma lafiyarsa ƙalau, tasa suke so. Gidanmu ya rabu. Babanku ya ce in haƙura da Kanada, abin da na ɓata ya isa. Gwaggonninku suka ce in kai ƙararsa wajen hukumar jami'a. Baba, ranar da ya fara yi mini magana, cewa ya yi in je in durƙusa in roƙi gafara, kuma in na kuskura na ambaci takarda a gidan, kada in dawo masa. Inna ba ta ce in yi ko kada in yi ba. Ta ce dai duk abin da zan roƙa, in san nawa yake a wurin mai bayarwa.

Na same shi da hantsi a kan tabarma a ƙarƙashin darbejiyar gidansa, yana karatu. Ya rame. Na durƙusa nesa na fara magana, kuka ya ci ƙarfina. Bai bari na gama ba, ya ce ya wuce, Dada, ya wuce tun ranar, uwa ba ta laifi a wurin ɗanta. Ya sa aka kawo mini kindirmo, ya tambayi lafiyarku, ya ce a gaya wa mahaucin nan yana nan tafe ranar Juma'a, kada ya sake ya ba shi jijiya. Ku lura da wannan wuri da kyau, domin shi ne dalilin rubuta babin nan. A wannan lokaci na samu komai. An yafe mini, Baffana ya dawo, abokin Baba ya dawo. Da na shanye nonon na yi sallama na tashi, da yau ba ku san wani labarin hassada ba. Ban tashi ba. Na ajiye ƙwaryar na ce Baffa, saura maganar takarda.

Ya ajiye littafin da ke cinyarsa. Sannan ya ce shi a ganinsa ya rubuta mini wasiƙar da ta fi ta kowa, domin duk wanda ya san shi, in ya ga ya sa hannu bai ce komai ba, ya san yarinyar tasa ce. Na ce Baffa, ba su san ka ba. Ban taɓa faɗa wa mutum maganar da ta yi masa nauyi kamar wannan ba, na ga ta sauka a kafaɗunsa. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Irin ta Pol kike so."

Na ce e.

"Irin ta Pol, ɗaliba nake rubuta wa. Ban iya rubuta wa 'yata ba, ban kuma iya riƙe biyun a hannu ɗaya ba. Na gwada, kin ga abin da ya fito. Kin gane abin da nake faɗa?"

Na ce na gane.

"Kuma kina so?"

Na gane sarai, kada wani ya ce muku ban gane ba. Inna ta riga ta fassara mini komai, ga shi shi ma ya faɗa da bakinsa. Na tuna matan da ke zama a gabana a asibiti ina kallonsu hannu wofi, na tuna shekaruna, na kuma tuna Pol, don ba zan yi muku ƙaryar cewa duk tausayin marasa lafiya ne ba, akwai son kaina a ciki mai yawa. Na ce ina so. Ya ce to, Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ɗauki littafinsa.

Bayan kwana takwas ina ofis sai na ji an ƙwanƙwasa. Baffa ne, da babbar riga da jakarsa ta koyarwa, mutumin da bai taɓa tako wurin aikina ba. Ya tsaya a bakin ƙofa har sai da na ce ya shigo. Ya zaro ambulan huɗu masu kauri, a liƙe, ya jera su a kan teburina, ya ce da Faransanci, da muryar da yake yi wa ɗalibai magana:

"Madam Maimuna, ga takardunki."

Shekara talatin da huɗu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Nan take ya yi mini fatan nasara ya juya, na bi shi da ido ta taga har ya tare babur. Waɗannan ambulan ban buɗe ko ɗaya ba, har yau ban san abin da ke ciki ba. Na dai san jami'a biyu sun ɗauke ni, kuma matar da ta duba aikina a Kanada ta gaya mini a makon farko cewa wasiƙar malamina ce ta sa ta ɗauko dosiyena daga cikin tari, ta ce ba ta taɓa karanta irinta ba.

Shekara biyar na yi a can. Sanyi da kewarku babi ne daban. Abin da na koyo ya yi amfani, ba zan raina shi ba. Shekarun baya da mutanen ƙauyukan Mora suka riƙa gudowa daga harin 'yan bindiga, mata da suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba, na san abin da zan yi da su, na kuma koya wa wasu. In kun tambaye ni ko da za a mayar da ni ƙarƙashin darbejiyar nan zan tashi bayan shan nono, ban sani ba, na yi wa kaina tambayar har na gaji. Abin da na sani shi ne Baffa ya koma zauren Baba ranar Juma'a, amma bai ƙara shiga cikin gidanmu ba, bai ƙara aiko a kira ni in dafa masa kunun gyaɗa in yana mura ba. Wasiƙun da ya riƙa aiko mini Kanada duk a kan bincike ne, da gyaran da ya ga ya dace. Ya rayu shekara shida bayan dawowata. Ba gaba ya yi da ni ba, ni na ce ina so, shi kuma mutum ne mai cika magana.

Kwana biyu da saukata Garwa na je gaishe shi da tsaraba. Na tarar da baƙi a wurinsa, tsofaffin abokan aikinsa su huɗu. Ina shiga ya miƙe tsaye, da sandarsa da komai, ya sa aka ɗauko mini kujera daga ɗaki, ni da ban taɓa zama a gabansa ba sai a ƙasa. Ya gabatar da ni gare su da Dakta Maimuna, ɗalibarsa. Sannan ya shiga yabona. Ya faɗi shekarar da na zo ta ɗaya, ya faɗi aikin digirina shafi-shafi, ya ce a duk waɗanda ya koyar babu kamata, ya ce Arewa ta yi sa'a. Ya yi ta yi yana kallon idona, baƙin suna gyaɗa kai suna sa albarka, ni kuma ina zaune a kan kujera ina murmushi, na san ba zan ƙara jin Dada a bakinsa ba. Da na tashi ya raka ni har ƙofar gida, kamar yadda ake yi wa baƙo.

Ban hau babur ba, da ƙafa na taka har gidan Baba. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta tambayi yadda na same shi, na ce lafiya ƙalau, ya miƙe mini tsaye, ya ba ni kujera, ya yabe ni a gaban mutane. Inna ta ajiye faifan a ƙasa, ta gyara ɗankwalinta, ta kama hannuna biyu yadda ake yi a gidan rasuwa.

"Sai haƙuri, Muna," in ji ta. "Allah ya ba ki dangana."